Ɗan Dogo Zai Zo Wurinka

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Ka riƙa shafa man da na bar maka. Yara suna gaishe ka.

Jiya a layin asibiti na haɗu da matar abokinka Dogo. Rabona da ita tun ranar da alƙali ya yanke wa mijinta kisa, kai kuma ɗaurin rai da rai. Ban ɓoye mata ba, na ce na daɗe ina ganin ta fi ni sauƙi: ta yi kukanta ta gama, ta sake aure, ni kuwa ga ni nan, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Sai ta ce ita da za a ba ta layin ziyarar nan da nake ƙorafi a kai, da gudu za ta karɓa.

Damuwarta ɗansu ne. Ya zama saurayi, ya manna hoton ubansa a bangon ɗaki, yana cewa namiji ne da ya mutu bai sunkuyar da kai ba. Abokan banza suna zuga shi. An kashe Dogo don a tsorata na baya, ga shi ɗansa ma bai tsorata ba.

Ta roƙa in kawo maka shi. Don Allah ka gaya masa komai, har yadda mai gadin nan da kuka kashe a wurin fashi ya roƙe ku, yana ambaton 'ya'yansa. Ya ga furfurarka, ya ga inda hanyar take ƙarewa.

Taka har kullum,
Maman yara

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na sami amsarka. Na san ba ƙaramin abu ba ne ka yarda ka buɗe wannan magana.

Sai dai mun makara. Na ɗaga tafiyar saboda ɗinkin mutane ya taru mini a kan keke, na ce sai ziyara ta gaba. Kafin nan aka kama ɗan Dogo da wasu suna fashi a wani shagon waya. Mai shagon yana asibiti, ba a san yadda za ta kaya ba. Uwar ta zo ta zauna a ƙofar ɗakina, ba ta zarge ni ba. Da ma zagina ta yi.

Na kasa daina tunani. Da an bar Dogo ya tsufa a bayan ƙarfe kamar kai, da shi da bakinsa zai hana ɗansa. Amma iyalin mai gadi fa, me zan ce musu? Ban sani ba.

An ce gidan yarinku za a kawo shi kafin shari'a. Za ka gane shi, tafiyar ubansa gare shi. Ka nemi a sa shi a shagon kafintanku, kusa da kai. Ka tabbata yana cin abinci.

Taka,
Maman yara