Karen da Merv Ya Taya a Gwanjo

Zuwa ga matata Noelene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya garin Toowoomba, yaya 'yarmu mai jego Sharnee da sabon jikan namu? Na ga hotonsa. Kunnuwan nan irin nawa ne, ki ba shi haƙuri a madadina.

Ni lafiya lau, sai dai waken gwangwani ya fara isata. Damuwata tumaki. Masu aske ulun tumaki za su zo ƙarshen wata, kuma tun da Boof ya mutu ba ni da kare. Jiya na yi ta bin garken da babur har rana ta take, na kawo su bakin shinge, sai wata tsohuwar tunkiya ta dube ni ta juya, sauran duk suka bi ta. Kin san halin masu aski. In suka iske ba a tara tumaki ba, gaba za su yi, ulun bana kuma ya tashi a banza.

To ga albishir. Na shiga shafin gwanjon nan na intanet, na sami kare. Noelene, kare! Baƙi ne mai jan gira, sunansa Duke. A bidiyo fito ɗaya ake yi masa, sai ki ga tumaki sun jeru kamar 'yan makaranta. Ga araha har na ji kunya. Na taya, ba wanda ya ɗara ni. Mai shi wani Gordon ne, ya ce gonarsa tana kusa da garin Quilpie, kin ga kusan maƙwabci ne.

Naki har kullum,
Merv


Zuwa ga Noelene,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan duka. Yaya ƙafar taki? Wasiƙarki ta iso, ta kuma cika da tambayoyi sai ka ce 'yar sanda ce ta rubuta. Bari in amsa miki.

Kin ce don me za a sayar da karen da ya kai kuɗin mota a farashin keke. Don Gordon mutumin kirki ne, gida nagari yake nema wa Duke. Kin ce sabon shiga ne a shafin, bai taɓa sayar da ko tsinke ba, ba kuma wanda ya shaide shi. To ni ma ban taɓa sayen komai ba, sababbi biyu ne muka haɗu. Kin ce in tuƙa in je in ga karen da idona. Na so, amma Gordon yana aiki a rijiyar mai a tsakiyar teku, shi ya sa ma ba ya ɗaukar waya.

Bawan Allah har sauƙi yake nema mini. Ya ce kada in biya ta shafin, don suna yankar kamasho, in sayi katunan sayayya masu kuɗi a ciki a kanti in tura masa lambobinsu. Ya ce in hanzarta, akwai wata mata daga Dubbo da ke ta kuka a kan karen.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Na tambaye shi ko Duke ya iya gudu a kan bayan tumaki in sun cunkushe a shinge, yadda Boof yake yi. Ya ce Duke kare ne mai ladabi, ba ya hawa kan kowa. Na ɗauka raha ce. Gobe zan shiga gari in sayo katunan.

Mijinki,
Merv


Noelene tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida jariri da uwarsa. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki karanta wa surukinmu.

Na je kantin Coralie na ce ta ba ni katunan. Ta leƙo ni ta saman tabarau ta ce, "Merv, kai da ko katin ranar haihuwa ba ka taɓa saya wa Noelene ba, yau har tuli? Wa ya ruɗe ka?" Don in rufe mata baki na buɗe mata bidiyon. Maƙwabcinmu Clarrie Duggan yana wurin yana sayen ƙusoshi, ya zuro kai.

Ya ce, "Kare kam kare ne. A ina ka ce aka ɗauka?"

Na ce Quilpie.

Ya fashe da dariya har yana dafa kanta. "Kai tsohon kawai, bar kallon karen, dubi ƙasa!"

Na duba. Noelene, ciyawa ce koriya shar, har cikin tumakin take taɓawa, ga yayyafi yana sauka. Clarrie ya ce rabon Quilpie da irin wannan ciyawa tun yana da gashi a ka. Coralie ta ce bidiyon wani ne a wata ƙasa ɗan damfarar ya sato, kuma ba za ta sayar mini da kati ko ɗaya ba. Wallahi na ji kunya. Ni da kullum nake duban sama ina jiran hadari, a ce ban lura ba.

Suka yi dariyarsu suka gaji. Can Coralie ta ce a hankali, "Sake kunnawa mana." Muka tsaya mu uku muna kallo, ba mai duban karen.

Clarrie zai zo da karnukansa mu tara garken kafin masu aski, da sharaɗin shi zai ba masu askin labarin wautata a wurin cin abinci. Na yarda. Na kuma kai ƙarar Gordon wurin masu shafin. Amma kafin nan na tura masa saƙo ɗaya, na ce ya riƙe karensa, ya faɗa mini kawai inda ciyawar nan take.

Ya amsa nan take, ya ce in fara turo katunan.

Ki dawo da wuri, gidan nan ba ya tafiya daidai in ba kya nan.

Naki mai kewarki,
Merv