Hancin Mai Miyar Yaji

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Kin ce a waya muryata ta canza, na ce miki gajiya ce. Ƙarya na yi miki, Yaya. Sau uku ina buɗe baki in faɗa miki, ina fasawa, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna zazzaɓi da murar da na yi wancan watan? Sun tafi, amma sun tafi da hancina. Yau sati uku ke nan ba na jin ƙamshi, ba na jin wari. Abinci a bakina kamar ina tauna kwali. Gishiri da sukari ina ɗan jin alamarsu daga nesa, sauran kuwa babu. Abu ɗaya ne bai gudu ba, shi ne zafin yaji.

Ke kika koya min miyar yajin nan a ƙaramin kicin ɗinki, kin san ba a yin ta da ido. Kuma kin san ita ce ta samo min aiki a gidan abincin nan. Mutane suna layi ne saboda fukafukan kazar da ake juyawa a cikinta. Ni ke zuwa kasuwa in zaɓo attarugu, ni ke gasa shi da tafarnuwa, in markaɗa da ruwan kal mai tsamin nan da zuma, in narka bota a ciki. Ba ni da ma'auni, hanci da harshe ne ma'aunina.

Jiya a kasuwa tsohon da nake sayen attarugu a wurinsa ya fasa guda ɗaya ya miƙo min yadda ya saba. Na kai hanci, na lumshe ido, na ce masa wannan ya yi. Yaya, da dutse ya miƙo min, abin da zan ji ke nan. Na dawo da kwando guda ban san irin abin da na sayo ba.

Babban kukunmu, wanda muke kira Dogo a bayan idonsa, bai gane ba tukuna. Mutum ne da ba ya haɗa aiki da wasa. Na ga yadda ya sallami wani kuku saboda ya ba da kifin da ya kwana. Idan ya san mai miyarsa ba ta jin ɗanɗano, me kike gani zai yi? Ko Baban Yara ban faɗa wa ba. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Lahadi

Yayata,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Kin ce in je asibiti, in kuma faɗa wa Dogo gaskiya. Ko ɗaya ban yi ba, kuma abin ya ƙara lalacewa.

Tunda zafi kaɗai nake ji, sai na riƙa ƙara attarugu ban sani ba. In ɗanɗana in ji salam, in ƙara. In sake ɗanɗanawa, in ƙara. Sai leɓena ya fara raɗaɗi nake samun natsuwa cewa akwai wani abu a tukunyar.

Ranar Alhamis da rana faranti huɗu suka dawo kicin, an ciji fiffike ɗaya an ajiye. Na leƙa ta ƙaramar tagar da muke miƙa abinci, na hango wani dattijo yana tari, fuskarsa ta yi jajir, hawaye da majina suna zuba, matarsa tana bubbuga masa baya tana kiran a kawo ruwa. Tarin ya ƙi tsayawa. Na ce shi ke nan, na kashe mijin mutane da fiffiken kaza. Allah Ya taimake ni, aka ba shi madara, numfashinsa ya dawo.

Dogo ya shigo. Ya ɗauki cokali, ya dangwali miyar, ya kai baki. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya juyo ya tambaye ni me ya faru. Na ce sabon iri ne tsohon nan mai attarugu ya kawo, ya fi na da zafi. Haka na ɗora wa bawan Allah laifin da bai ji ba bai gani ba. Dogo ya ce in zubar in sake wata, kuma kada ya sake ganin haka.

Akwai wata tsohuwa mai wanke mana kwanuka, muna kiran ta Goggo. Ina jin ita ta fara zargina. Shekaranjiya na ɗauko bota zan saka, ta riƙe min hannu ta ce ba na jin ta fara tsami? Na yi dariya na ce hankalina ne ba ya wurin. Ba ta yi dariyar ba.

A gida ma na ƙona shinkafa ina zaune kusa da tukunyar. Sai da Baban Yara ya fito daga ɗaki da gudu yana tambaya me ke ci da wuta.

Asibitin nake tsoro, Yaya. Idan suka ce wani abu ne a cikin kaina fa? Idan suka ce ba zai dawo ba har abada? Muddin ban je ba, ina iya ce wa kaina gobe zan tashi in ji ƙamshin shayi.

Ki shafa min kan yara.

Taki,
Auta

Ranar Asabar

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, na fara da wannan don kada hankalinki ya tashi. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ranar Laraba ni ce da buɗe kicin. Na isa da sassafe, rana ta riga ta fito, haske yana shigowa ta gilashin taga, don haka ban kunna fitila ba. Na mayar da ƙofa na rufe saboda ƙuda. Na zuba attarugu a roba, na tsaya ina cire masa hanci ɗaya bayan ɗaya, na ɓare tafarnuwa. Na kai minti ashirin a haka. Kaina ya fara sarawa, na ji kamar jiri, na ce rashin karyawa ne.

Da na gama, na jera su a faranti zan gasa. Na ɗauko ashana, na zaro tsinke ɗaya, na ɗora kansa a jikin kwalin.

A daidai nan Goggo ta turo ƙofa. Ban taɓa sanin tsohuwar nan tana iya gudu ba. Kafin in juyo ta damƙe wuyan hannuna da hannu biyu, har yanzu shatin farcenta yana nan. Ba ta yi ihu ba. A hankali ta ce, "Sake ta, 'yar nan. Sake ta ƙasa." Na saki ashanar ban san dalili ba. Ta ja ni waje, tana toshe hanci da gefen mayafinta.

Gas ne, Yaya. An bar tukunyar gas a buɗe, tiyon kuma ya tsage ta bayan murhu. Kicin ɗin ya cika taf, har a bakin ƙofa Goggo ta ji shi. Ni kuwa ina tsakiyarsa ina ɓare tafarnuwa. A saman kicin ɗin akwai mai ɗinki da matarsa da jaririnsu. Jikin bangon kuma shagon mai burodi ne, mutane suna layi.

Dogo ya iso yana haki. Ya rufe fuska da jiƙaƙƙen tawul, ya shiga ya kashe tukunyar, ya buɗe tagogi, ya hana kowa taɓa makunnin wuta. Da ya fito ya same ni zaune a ƙasa a bayan ginin. Ya tsuguna ya ce, "Minti nawa kika yi a ciki?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kuma ba ki ji komai ba?"

Nan na fashe da kuka, na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi wa mai attarugu. Na jira ya ce in cire rigar aiki in tafi. Ya ɗaga kai ya kalli tagar mai ɗinki. Sannan ya ce da miya kaɗai na lalata, da ya yafe tun a nan, amma shirun da na yi ya kusa cin rayukan mutane, wannan kuwa zai daɗe bai manta ba. Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Bai kore ni ba. Ya karɓe mabuɗin kicin ya ba Goggo, ya ce ba ni ba kunna wuta, ba ni ba zama a ciki ni kaɗai. Ya kawo sikeli da littafi, ya tsaya a kaina muka auna komai, attarugu, zuma, ruwan kal, bota, yana ɗanɗanawa ina rubutawa. Sau biyar muka sake kafin ya gyaɗa kai. Jiya faranti ko ɗaya bai dawo ba.

Baban Yara da kansa ya kai ni asibiti, hannunsa yana kan nawa duk tsawon hanya. Likita ta duba, ta ce ba ta ga alamar wani abu a kaina ba, ciwon da na yi ne ya taɓa jijiyar hanci. Ta ce yana iya dawowa cikin watanni, wasu kuma ba ya dawo musu duka. Ta ce in riƙa shinshinar lemon tsami da kanumfari safe da yamma. Ina yi. Har yanzu shiru.

Ki zo, Yaya, ko na kwana uku ne. Idona biyu ma ina ganin kan tsinken nan a jikin kwali. A gida na kasa shiga kicin ɗina sai Baban Yara ya fara shiga ya ce min babu komai. A wurin aiki kuma kullum da safe ina tsayawa a bakin ƙofa da kwandona, in jira Goggo. Takan zo tana jan ƙafa, ta tura ƙofar, ta cusa kai ta ja iska sau biyu, sannan ta juyo ta ce min, "Shigo, 'yar nan." Sai a lokacin nake iya ɗaga ƙafa.

Ina jiran ki. Ki gaishe da maigidanki da yara.

Ƙanwarki,
Auta