Gidan da Yake Gumi

Da sunan Allah. Ni Sattar ɗan Jabbar, mutumin Basra, na rubuta wannan da hankalina garau. Ƙirjina ne ya ruɓe, ba kaina ba.

Maisam, Nawal, Samir, 'ya'yana, ku saurara.

Na ɗaya. Gidan simintin nan ku sayar. Ban tsani ɗayanku ba balle in bar masa shi. Na dawo daga Bagadaza da takardar injiniya, na rushe gidan tubalin mahaifina, na sare dabino bakwai, na zana irin gidajen can inda iska take a bushe: siririn bango, manyan tagogin gilashi. Duk da karatuna, na manta a bakin ruwa muke. In iskar teku ta taso, sai esi, na'urar sanyaya ɗaki, ta tatse ruwan da ke cikin iskar kafin ɗaki ya yi sanyi. Bokiti biyu nake zubarwa kullum, kuma na san dinarina nake zubarwa. Fanshona na shekara ashirin mai janaretan unguwa ya cinye. Lokacin sanyi danshi ya shige bango, kananzir ɗin ɗumama ɗaki ya ƙone a banza, bargo yana warin fumfuna. Marigayiya mahaifiyarku takan shafa bango ta nuna mini tafin hannunta ta ce, "Injiniya, gidanka ya sake gumi. Ko a kai shi asibiti?"

Na biyu. Maisam da Samir, shekara biyu ba ku gaisa ba, wai wani ya kunna esi a bene wutar ɗakunan ƙasa ta ɗauke. Tir. Laifin zanena ne. Ku haɗu ku zage ni, sannan ku ci kifi a tire ɗaya.

Na uku. Sabuwar esi ta Nawal ce. Sauran ukun tsatsa ta riga ku gado.

Na huɗu, kuma dominsa na ɗauki alƙalami. Tsohon gidan mahaifiyarku da ke garin Abul Hasib, mai kaurin bango a inuwar dabino, naku ne ku uku. Samir, na ga zanen da kake ɓoyewa: gilashi daga sama har ƙasa. In ka taɓa bangon nan ko ka sare dabino ɗaya, ban yafe ba.

Takardata ta injiniya tana cikin akwati. Fumfuna ta cinye sunana. Samir, taka ce, ka rataye ta inda za ka riƙa ganinta.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku koma can gaba ɗaya, ku zauna a inuwar da ban kai ga sarewa ba.