Ƙyauren Masallacin Unguwarmu

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Tsanyawa lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, injin sassaƙar da na haɗa, mai bin zanen kwamfuta, ya ba ni kunya. Da rani na yi masa gado na katako, inda ake ɗora abin da za a sassaƙa, yana fitar da layi kamar an ja zare. Ganin haka Liman ya ba ni katakon maɗacin da marigayi Kaka ya ajiye don ƙyauren masallaci. Ashe damina ta kumbura gadon. Ina tsaye ina kallo da'irar adon ƙyauren ta fito kamar ƙwan zabuwa, tsinin injin ya nutse ya huda katakon.

Baba bai yi faɗa ba. Shafa ramin ya yi, ya ce, "Habu, gero na jiran noma."

Gadon ƙarfe zai gyara injin, amma wa zai sake ba ni katakonsa? Na lulluɓe injin da buhu na ɗauki fartanya. Har yau asabari ne a ƙofar masallacin, kullum ta ƙarƙashinsa nake sunkuyawa in shiga salla.

Ku sa ni a addu'a. A gaida Kawu Bala.

Ƙaninka,
Habu