Ni Ce Nake Matsar da Turakun

Zuwa ga Malam Injiniya, mai zana wa 'yan gudun hijira gidaje a filin Kudenda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Iya. Turakun da kuke kafawa ku ɗaura igiya don auna ɗakuna, ni ce nake matsar da su. Sau uku. Ba sakacin Baba Gyang mai gadi ba ne, wanda na ji za a sallama ranar Litinin. In na fito ɗibar ruwa nakan shiga tsakiyar igiyoyin in rufe ido, sai gidan ya tashi ya kewaye ni, har da ƙamshin turaren wuta. Can sai in ji ya matse ni, in tura turken da ƙafa. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Shekara biyar ke nan da yaƙi ya koro mu daga Chadi, muna zaune a tsohon sito. Bangonmu buhuna ne da mata suka ɗinke. Don Allah kar ka raina shi. In an haihu a ja shi baya, in baƙi sun iso a raba ɗaki biyu, in an yi rasuwa a naɗe shi duka a zauna. Naka na bulo ba ya motsi.

Na biyu. Taro biyu ka kira, duk na maza. Babana ya dawo yana ta yabon kwano da siminti, shi da bai taɓa hura wuta ba. Yayata Hawa tana da ciki. A zanenka ba tsakar gida, ƙofa kuma titi take kallo. Ina za a girka tukunyar wankan jego har kwana arba'in? A gaban direbobin kamfanonin da ke bin titin?

Na uku, da kunya nake rubuta shi. Banɗakin da ka zana alƙibla yake fuskanta. Tsofaffinmu ba za su shiga ba, ba kuma za su gaya maka ba, godiya kawai za su yi ta yi.

A littattafan soyayyar da nake ara, yarinya takan samu tagar da za ta tsaya ta yi tunani. Ni ban ce bene ba. 'Yar taga ɗaya ta wajen kogi, inda iska ke fitowa bayan ruwan sama.

Ina roƙo a bar Baba Gyang a aikinsa. A ba matanmu igiya da turaku su auna da ƙafarsu kafin a haƙa harsashi. A bar fili bayan kowane ɗaki, bangon tsakiya kuma ya zama na katako, wanda za mu iya cirewa.

Allah ya ƙara basira, ya raya zuri'a, ya sa kada ka taɓa sanin gudun hijira.

Sau biyu na kai takardar nan bakin murhu. In na ba babana, ɓoye ta zai yi. Ga ƙarar motarka nan ina ji. Da hannuna zan miƙa maka, ko muryata ba ta fito ba, kuma na yarda a karanta ta a gaban kowa.

Wassalam.

'Yarka,
Falmata