Ki Sauke Hotona Daga Bangonki

Likita,

Bayan gaisuwa, ba zan ja magana ba, raina a ɓace yake. Jiya na haɗu da wata ƙawata ta makaranta a bakin titi, ta rungume ni tana cewa, "Ashe allurar Sin ce ta yi miki aiki!" Ta ga hotona a ɗakin jiranki riƙe da jaririya, an rubuta a ƙasa wai bayan wata goma da allura.

Wata goma na kwanta a gadon nan naki, allurai a mara, a ƙafa, a kunne, ina toshe hanci ina shan saiwoyinki masu ɗaci. Har na daina zuwa wajenki a bara, ko ɓatan wata ban yi ba. Yarinyar 'yar ƙanwata ce, uwar ta rasu kwana tara da haihuwarta. Wa ya ba ki izinin yin talla da mutuwar ƙanwata? Ki sauke hoton yau.

Na bar ki lafiya,
Malamar lissafi

*

Malama,

Ina gaishe ki tare da ta'aziyya. Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari.

Na sauke hoton. Sai dai kalmar talla ta yi mini zafi, shekara sha shida ina aikin nan ban taɓa ce wa mace allura na ba da haihuwa ba, taimako ce kawai. Maigidanki ne ya kawo hoton da hannunsa. Ya ce, "Likita, tana daina zuwa cikin ya shiga." Har hawaye na yi don murna. Shi za ki tambaya.

Da girmamawa,
Likitar allura

*

Likita,

Ina gaisuwa. Na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota, wai abokansa da matansu wajenki suke zuwa, ya gaji da kallon tausayi. Na ce, "To ni da aka caccaka wa allura fa?" Kwana uku ke nan ban dube shi ba.

Amma kada ki laɓe a bayansa. Lambata tana cikin littafinki, kira ɗaya ya gagare ki? Labarin ya yi miki daɗi ne, shi ya sa ba ki bincika ba. Ƙawar tawa shekararta bakwai tana jiran haihuwa. An sa ranar da za a yi mata aiki a asibiti, ta soke saboda hotona. Mata nawa suka zauna a kujerun nan suna kallona suna cewa saura su? Cire hoto daga ƙusa bai wanke ki ba. Ki kira su.

A huta lafiya,
Malama

*

Malama,

Gaisuwa mai yawa. Na kira mata sha ɗaya, na faɗa musu ban bincika ba. Huɗu sun ce ba za su dawo ba, ɗaya ta zage ni tas. Ƙawarki ta koma asibiti, an ba ta sabuwar rana. Maigidanki ya zo karɓar hoton, na hana shi. In ƙona?

Da girmamawa,
Likita

*

Likita,

Ina amsawa. Kada ki ƙona. Rigar da ke jikin yarinyar uwarta ce ta ɗinka da tsohon ciki. Zan zo ranar Laraba. Ki miƙo mini a bakin ƙofa, ba zan shiga ba.

Sai na zo,
Malama