Maɗaurin Dunduniyar da Na Ƙara Maka

Zuwa ga taubashina Lawali,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda, inda kake ba a karɓar wasiƙa. Da ranka ma yaushe ka taɓa karanta rubutuna ba ka yi mini tsiya ba? Amma yau wata biyar ke nan maganar nan tana cina, kuma duk faɗin Riyad ban ga wanda zan faɗa wa ba sai kai.

Labarin gida tukuna. Matarka Hadiza ta fita takaba, ta koma wajen iyayenta da yaran. An yi ruwa a Jibiya bana, Yaya Sani ne ya noma gonarka. Ni ina nan a shagon Al-Shifa inda ka bar ni, ɗinkin kujerar mota da gyaran takalmi. An sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, wata shekarar kuma. Wallahi ko murna ban yi ba.

Ka tuna ranar da ka shigo shago da allon nan a hammata, kana washe baki? Shekara biyu kana tuƙa maigidanka, Baturen nan na Unguwar Ofisoshin Jakadanci tafiyar awa huɗu zuwa bakin teku, ya ɗaura ƙatuwar lema mai dogayen igiyoyi a ƙugu, ya taka allo, iska ta yi ta jansa a kan ruwa. Mu masu hankali muka ce wasan waɗanda suka ƙoshi ne. Kai, da yake tun muna yara ba a raba ka da dam ɗin garinmu, ka nace sai ka koya. Ya kuwa koya maka, har ya ba ka lema da wani tsohon allonsa, siriri, sumul, irin wanda ake sulu da shi a gefen ruwa. Ba shi da wurin sa ƙafa. Ka ce duk lokacin da igiyar ruwa ta buge ka sai ya suɓuce, kana so in yi masa maɗauri.

Ka nuna mini hoton na maigidanka a waya. Na duba na kwashe da dariya. Silifas ne fa kawai aka kafe a katako, baya a buɗe, ƙafa tana lilo a ciki. Na ce aikin inji ke nan, ba su auna kowa ba.

Na sa ka tuɓe takalmi ka hau allon, na zagaye ƙafafunka da fensir kamar zan yi maka takalmin salla. Na huda allon, na dasa noti, na cike da gam don kada ruwa ya shiga. Na yanko bel ɗin kujerar wata tsohuwar mota, na naɗe shi da soso don kada ya ci maka fata. Kwana uku ina kansa. Da na gama sai na ga bai yi mini ba. Ni jikan dukawa ne, Lawali. Baba ya sha fasa mini baki kan takalmin da ke fita daga ƙafar mai shi. Sai na ƙara maɗauri ta bayan dunduniya, na sa masa ƙarfen ɗaure jaka, mai riƙo.

Ka ce mini a hoton babu wannan. Ka ce ko a bari maigidanka ya dawo daga hutu ya gani. Ka tuna abin da na ce? Na ce me Bature ya sani a ɗinki, na ce ashe tsoro kake ji, direban banza. Wasan taubasai ne, mun saba tun muna tallan rake. Ka sa ƙafa na ɗaure maka, ka yi tsalle a tsakiyar shago allon ya tashi tare da kai, muka yi ta dariya har mutumin Bangaladash da ke shagon kusa ya leƙo.

Ran Juma'a ka tafi da abokanka direbobi biyu. Su suka ba ni labari. Iska ta taso da ƙarfi, lemar ta fizge ka, ka faɗi rub da ciki, allon ya kife a bayanka, ta yi ta janka. Kafin su iso gare ka an gama. Ruwan wurin ko wuya bai kai ba. Sun ce ƙafafunka biyu suna ciki daram, sai da suka sa wuƙa.

Ni na yi maka wanka. Na ga shatin a dunduniyarka, na ja likkafani na rufe, ban ce wa kowa komai ba.

Bayan kwana goma Baturen ya zo shago da allon. Mutumin kirki ne, idonsa ya yi ja. Ya sa yatsa a guntun maɗaurin, da 'yar Larabcinsa ya yi mini bayani cewa da gangan ake barin bayan a buɗe, don in mutum ya faɗi ƙafarsa ta fita. Abin da na raina shi ne dukan hikimar. Sai ya tambaye ni ko na san wanda ya ƙara wannan. Lawali, na dubi idonsa na ce ban sani ba. A gaban keken ɗinkina, ragowar bel ɗin tana rataye a bayana. Ina jin ya gane. Ya jingine allon ya fita.

Me ya sa ba ka yi mini gardama ba? Kai da ko a kan gishirin miya sai mun yi musu, me ya sa ranar ka yarda da ni?

Mahaifiyarka, Gwaggo, tana kirana duk Juma'a tana sa mini albarka, wai ni ne na tsaya a kanka a ƙasar mutane. Kowace albarka sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Jiya na ce yau kam sai na faɗa mata, in za ta tsine mini ta tsine, in za ta yafe ta yafe. Na faɗa mata duka, allon, lemar, maɗaurin, har ƙaryar da na yi wa Bature. Ta saurare ni har ƙarshe. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin teku ba, ina za ta gane? Da na gama sai ta ce ashe har takalmi na ɗinka maka kafin ka rasu, ta ce ai ta san aikina ba ya tsinkewa. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ya sa 'ya'yana su yi mini yadda na yi maka.

Na ce amin. Me zan ce?

Ba ta yafe mini ba, don ba ta ga abin yafewa ba. Kai kaɗai ka san abin da ya riƙe ka a ruwan nan, kai kuma ba za ka amsa ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Sai mun haɗu inda za ka iya tambayata.

Taubashinka da ya ɗaure maka ƙafa,
Isiyaku